Alhamis ta hunturu: yara a ɗaka, kasko a waje

Alhamis, cikin hutun ƙarshen Disamba, Maradi.

Yau an tashi da hazo mai kauri. Iska na kaɗowa daga arewa maso gabas, ƙura ta kwanta a kan komai har marfin randa. Babu lakwal saboda hutu, babu makarantar allo saboda Alhamis ce, shi ya sa yaran gidanmu da na maƙwabta suka faɗo hannunmu tun da safe, daga mai shekara 2 har mai 11. Irin wannan rana sai an tsara ta. In an bar ta haka, ko dai su fice cikin ƙura su dawo da tari, ko su kewaye kasko su ƙura wa salula ido, kuma duka biyun ba alheri ba ne.

Sanyin garin nan na safe ne da na dare. A Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15 kafin gari ya waye, da rana kuma zafi ya kai wajen 30. Saboda haka ba a kulle yaro wuni guda. Daga safe zuwa hantsi yana ɗaka, in rana ta yi ƙarfi ya fita tsakar gida, bayan la'asar sakaliya ya koma ciki.

Ɗaki muka fara gyarawa. Aka yayyafa ruwa kafin shara, don busasshiyar shara ƙura kawai take tayarwa ta shige ƙirjin yara. Aka goge saman akwatuna da jiƙaƙƙen tsumma, aka rufe tagar da ke fuskantar iska, aka bar ta ɗaya gefen a ɗan buɗe. Siminti yana zuƙe ɗumin jiki, sai muka shimfiɗa kwalaye a ƙasa, tabarma a kai. Filas ɗin ruwan zafi, ashana, magunguna da ƙananan batiran nan masu kama da maɓalli duk suka hau saman kabad. Wannan batir in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin awoyi kaɗan, asibiti ake nufa da shi kai tsaye, ba a jiran a ga alama.

Iya ta so a shigo da kasko. Ta ce, "Ke ƴar nan, jikokin nan rawar ɗari suke yi." Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, a bar shi a rumfa. Yanzu za ki ga sun cire rigunan sanyin da kansu." Garwashin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ko da hayaƙi ya daina tashi. Alamarta ciwon kai, jiri, amai da barci mai nauyi, sau da yawa mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya lokaci ɗaya. Ga kuma ƙuna: yaro mai gudu, zane mai kamar leda, garwashi a tsakar ɗaki. In ƙunar ta auku, ruwa mai sanyi ake ta zubawa a wurin har minti 20, ba a shafa mai, ba ƙwai, ba man goge baki, sannan a rufe da tsumma mai tsabta a tafi wurin likita.

Ɗumin da na fi yarda da shi na motsi ne, kuma da shi ake fara safiya, ba da wasan zaune ba. Muka zana gidajen ƴar gala-gala da alli a zaure, kowane gida kamar taku biyu na yaro, aka yi amfani da sakaina a madadin dutse don ba ta gangarawa. Sharaɗi ɗaya: ƙafa babu safa, domin safa a kan siminti santsi take yi. Ƙananan kuma aka dunƙule musu tsofaffin safa suka zama ƙwallo, aka ajiye bokiti taku uku daga layi, wanda ya jefa ciki sau uku a jere a ja masa layin baya. Kafin rabin awa rigunan sanyi sun taru a kusurwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce yaro mai shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar motsa jiki na minti 180 a wuni, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya. Hunturu bai rage wannan buƙata ba, wurin yin ta kawai ya ƙuntata. In gumi ya jiƙa rigar ciki a sauya ta nan take, kada a bar ta ta bushe a jiki.

Da suka gaji sai muka koma kwaɓi. Ga ma'auninsa: kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri, cokali 2 na man gyaɗa, ruwan ɗumi kofi 1 ana zubawa kaɗan-kaɗan, don wata fulawar ba ta shanye shi duka. A murza kamar minti 10 har ya daina kama hannu. In gishirin mai tsakuwa ne a daka shi tukuna ko a narkar da shi cikin ruwan, in ba haka ba kwaɓin zai riƙa wargajewa yana kartar hannu. In ya yi ruwa a ƙara fulawa, in yana tsagewa a jiƙa tafin hannu a sake murzawa. Ruwan zoɓo yana ba shi launin ja mai duhu, garin kurkur yana ba shi rawaya. Matsalarsa a wannan yanayi bushewa ce: abin da ba a aiki da shi a lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, in an gama a sa a roba mai marfi, zai yi kwanaki. Gishirin ne ke hana shi lalacewa, shi ne kuma dalilin da ya sa ba a barin ɗan ƙasa da shekara 3 da shi shi kaɗai, don cin sa da yawa na da haɗari. Wanda fulawa ta yi masa tsada, yumɓun bakin Gulbi ya wadatar. A kwaɓa shi da ruwan ɗumi, a barbaɗa ɗan lallausan yashi, a shanya shanun da aka gina a inuwa. A rana da iska suna tsagewa tun kafin la'asar.

Wajen ƙarfe goma sha biyu hazo ya ɗan yaye, aka fitar da su tsakar gida. A lokacin ake wanka, da ruwa mai ɗumi, a zuba na sanyi a bokiti tukuna sannan na zafi, babba ya gwada da gwiwar hannu. Man kaɗanya ana shafa shi tun jiki bai gama bushewa ba, musamman dunduniya, leɓe da bayan hannu. A kuma riƙa miƙa musu ruwan sha, don yaro ba ya jin ƙishi a sanyi alhali iskar tana busar da shi.

Aikin bayan azahar shi ne motar kara, kuma nan na fi son a daɗe, don shi ne wasan da ke zaunar da ɗan shekara 9 awa biyu ba tare da ya nemi waya ba. An gama girbi, kara ko'ina akwai shi. Karan dawa ake so, na gero siriri ne kuma ya fi saurin karyewa. Na hunturu ya bushe ƙayau, sai a naɗe shi cikin jiƙaƙƙen buhu rabin awa kafin a fara, in ba haka ba ɓawon zai riƙa ɓallewa gutsi-gutsi. Babba ne ke ɓare ɓawon ya tsaga shi siri-siri, saboda gefensa yana yanka kamar reza. Totuwar ciki ita ce katako, tsinken ɓawon shi ne ƙusa. A yanki totuwa biyu masu tsawon taƙi ɗaya, wasu uku masu rabin wannan tsawo, a jera su kamar tsani, a soke kowace mahaɗa da tsinke biyu. Tsinke ɗaya ba ya riƙewa, mahaɗar juyawa take yi motar ta karkace. A kan wannan ake ɗora kai da bodi.

Tayoyi daga tsohon silifa ake yanka su. A ɗora marfin roba a zana da'ira don su zo daidai, a huda tsakiya da ƙusa. Inda yawancin motoci ke mutuwa shi ne sandar taya: yara sukan soke ta cikin totuwa kai tsaye, sai ta cije ta ƙi juyawa, ko ta cinye totuwar ta zube. Maganinsa bututun tsohon bik. A ɗaure bututun a ƙarƙashin mota da zare, a zura siririn itace ta cikinsa, a kafa tayoyin a bakinsa biyu a bar ɗan sarari. Ɗan ƙanena ya zo yana cewa, "Gwaggo, tawa gefe take ja." Da muka duba, hujin taya ɗaya ba a tsakiya yake ba. Ba a gyara irin wannan, sabuwa ake yankawa, kuma shi na bari ya yanka.

Ƴan matan suka zauna carabke a kan tabarma, don siminti yana cin farce. Masu ƙananan hannu an ɗinka musu ƴan jakunkuna biyar cike da yashi, ba sa tsalle in sun faɗi, kamun ya fi sauƙi.

Manyan biyu kuma na zana musu dara a kwali: layi 5, kowane da gida 6, gida 30 ke nan. Kowa ƴaƴa 12, ɗaya ƙwallayen dabino, ɗaya marafen kwalba. Ana sakawa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, gida 6 su rage, kuma ba a jera uku a lokacin sakawa. Daga nan a fara tafiya, gida ɗaya gaba, baya ko gefe, ba a tsallake ba a karkata. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin wasa, huɗu a jere ba ci ba ne. Faɗa yana tashi ne in ba a faɗi waɗannan dokoki tun farko ba, don kowace unguwa da ɗan bambancinta. Ƴan shekara 5 da 6 a ba su gida 9 da ƴaƴa uku-uku, babbar dara tana gundurar su. Da zarar an tashi a ƙirga ƴaƴan a mayar gwangwani, saboda mai rarrafe. Haka ma gyaɗa da aya, duk da yawansu a garin nan, ba a ba ɗan ƙasa da shekara 3 su a dunƙule, suna shaƙe yaro.

Bayan la'asar maganar kokowar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasar Nijar da ake ba zakaranta takobi, ta tashi, tunda lokacinta ne, kuma yaron Maradi ba ya rasa jin sunan Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko a 1975. Hana su kokowa ba ya yiwuwa, sai dai a sa mata iyaka. Muka sauke katifa a tsakar ɗaki nesa da bango da ƙarfen gado. Sa'a da sa'a kawai, babu kama wuya, wanda gwiwoyinsa biyu suka taɓa katifa ya faɗi, kuma babba na tsaye a matsayin alƙali. Wanda ke tari yau shi aka ba ganga, wato tsohon galan.

Bayan isha Iya ta karɓe su. Manya ba sa yarda a yi tatsuniya da rana, kuma tsarin ya dace da hunturu, don shi ne lokacin da ake son jiki ya lafa. Ta fara da kacici-kacici. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Suka ce tsintsiya. "Baba na ɗaka, gemu na waje." Autar ta ce hayaƙi. Sannan ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," suka amsa, "Ta zo mu ji ta." Dabarar riƙe masu shekaru daban-daban ita ce tatsuniya mai waƙa a ciki, ƙanana su yi amshi, manya kuma a tsaya a tsakiya a tambaye su abin da Gizo zai yi. Gajeru biyu sun fi doguwa ɗaya.

Maƙwabciya ta zo ɗaukar nata, ta ce, "Malama, ƙaramin nan tun jiya yake tari, ko mura ce?" Muka jira ya natsu a cinyarta, na ɗaga rigarsa na ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur da agogon salula. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce: jariri ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi sauri, daga wata 2 zuwa 11, 50, daga shekara 1 zuwa 5, 40. Nasa 46 ne, shekararsa 2, ga jiki da zafi. Wannan ya wuce a ce mura, yana iya zama ciwon huhu. Ƙirjinsa ba ya lotsawa in ya ja numfashi, yana kuma shan ruwa, amma na ce kada ta tsaya jiƙe-jiƙe ko sayen magani a tebur, ta kai shi asibitin unguwa a duba shi. In ƙasan ƙirji ya fara lotsawa, ko ya kasa sha, ko wuya ya sanƙare, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashinsa, ko tsakar dare ne a tafi. Maigidanta ya fito da babur, suka naɗe yaron a zane suka wuce. Gobe ba zai shiga cikin sauran ba har sai likita ya ce ya shiga, kuma kofin da ya sha ruwa da shi an ware an wanke da sabulu.