Tankin a-kori-kura ya cinye min yini

Talata, bayan sallar Isha, Agege.

Yau ko kwando ɗaya ban ɗauka ba. Tun da asuba motocin tumatir da tattasai suka shigo Mile 12 daga Arewa, abokan sana'a suna ta lodi zuwa Oyingbo da Ajah, ni kuwa ina tsugune bayan a-kori-kurata ina kallon wani ƙyalli mai launi-launi a kan ruwan da ya kwanta tun saman jiya. Yaron da ke min lodi ya leƙa ƙasa ya ce, "Maigida, fetur ne fa, daga tanki yake ɗigowa." Na sa yatsa na shinshina. Shi ne.

Nan take masu shawara suka taru, kamar yadda aka saba. Wani direba ya miƙo min guntun sabulun wanki ya ce in goga a wurin. Dabarar ba ƙarya ba ce, sabulu yana toshe ƙaramar kafa na ɗan lokaci, don fetur ba ya narkar da shi. Amma ruwa yana wanke shi, mu kuma muna tsakiyar damina a Legas. Na goga don dai in isa gareji, na bi ta Ojota da Ogba a hankali, gilashi a sauke. A cikin gosulo duk wanda na hango da sigari a hannu sai gabana ya faɗi.

Baba bakanike haifaffen Agege ne, Yarabanci da Hausa duk a bakinsa suke, kuma ba ya son a koya masa aikinsa. Kafin ya taɓa komai ya sa aka cire kan batir, ya kori mai walda da ke gefe zuwa can ƙarshen fili, ya ce wa mai shayin bakin ƙofa ya rage wutarsa. Sannan aka zura tiyo aka zuƙe man cikin jarkoki. Ina tsaye ina ƙirga su da ido, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu direban da ke wasa da ko rabin lita.

Da muka hau rami ya kira ni. "Alhaji, sauko ka gani da idonka, kada gobe ka ce Baba ya ci kuɗinka."

Tankin yana rataye ne a kan ɗamarar ƙarfe guda biyu da ke ɗaure a jikin sasi. Ta gaba da ɗan sauranta. Ta baya kuwa tsatsa ta cinye ta, Baba ya sa sukundireba ya ɗan taɓa, sai ga ɓawon ƙarfe yana zubowa a tafin hannunsa, ja-ja-ja. Saboda ta saki, tankin ya karkace gefe guda yana gugar ƙarfen da ke kusa da shi duk lokacin da na faɗa rami. Suka tallafe shi da jak da katako, suka kwance tiyon da ke zuwa daga bakin zuba mai, da wayar famfon mai, da ƙananan tiyoyin iska, suka sauke shi ƙasa. A daidai inda ɗamarar ta kwanta laka ta taru ta riƙe danshi, ƙarfen ya zama siriri. Baba ya toshe kafofin da tsumma da roba, ya ɗan hura iska kaɗan da famfon taya, ya watsa ruwan omo. Kumfa ta tashi a wuri uku, ban da wanda na goga wa sabulu.

Ana cikin haka ɗan yayata ya iso da abincin rana daga gida. Shi ne mai karatun kwamfuta a gidanmu, komai sai ya duba a waya. Ya ce, "Kawu, bari in ga lambar sasi." Ya karanto ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, haruffa da lambobi guda 17, ya shigar a shafin NHTSA, hukumar da ke kula da lafiyar motoci a Amurka. Sai ga shi a rubuce: kamfanin da ya ƙera motar ya taɓa yi wa irinta kiranye, wato a dawo da su a gyara, a kan wannan ɗamarar tankin, kuma tawa ba a taɓa kai ta an gyara ba. Ba zan kama sunan kamfanin ba, ba shi ne abin da ya dame ni ba.

Yaron ya yi mana bayani, Baba yana goge hannu yana saurare. A jihohin arewacin Amurka idan ƙanƙara ta rufe hanya gishiri suke watsawa don ta narke, gishirin nan kuma shi ke cin ƙasan mota a hankali, sama tana sheƙi ƙasa tana ruɓewa. Ya ce abin ba sabo ba ne. A 2011 Ford ta kira a-kori-kura wajen miliyan 1.1, akasarinsu F-150 ƙirar 1997 zuwa 2004, saboda ɗamarar tanki na iya tsinkewa tankin ya ja ƙasa. A 2014 Toyota ta kira Tacoma kusan 690,000 ƙirar 2005 zuwa 2011, saboda sifirin baya na iya karyewa ya huda tanki. Tawa ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce, amma ciwon danginsu ne. A can wasiƙa ake aika wa mai mota har gida, ya kai wa dila, a duba, a canza abin da ya lalace, bai biya ko sisi ba.

To wasiƙar tawa tana ina? Tana can a akwatin wani Bature da ya rabu da motar tuntuni. An yi gwanjonta, an sa ta a jirgin ruwa, ta sauka Tin Can, aka wanke ta aka shafa mata mai a taya, ni kuma na gani na yaba. Mota ta ƙetare teku, wasiƙa ba ta biyo ta ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, dubawar nan kyauta ce, ba ta kai minti biyu ba, amma a duk filayen sayar da tokumbo da na taɓa shiga ban ji mai sayarwa ko dillali ya ambace ta ba. Injin ake ji, a duba hayaƙi, a kunna esi, a yi ciniki. Ba wanda ke kwanciya a ƙasa.

Na sa yaron ya kira wani wakilin sayar da irin motar a nan Legas. Sun amsa da ladabi, suka ce su motocin da suka fito ta hannunsu suka sani, wadda aka shigo da ita daga gwanjo sai dai in kawo in biya. Baba ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

Mai walda ya matso ya ce shi zai like min da araha, a cika tankin da ruwa kawai. Baba ko kallonsa bai yi ba. Ya ce ba man ne ke kashe mutum ba, tururin da ya saura ne, tankin da babu komai a ciki ya fi cikakke haɗari idan wuta ta taɓa shi. Kuma ko an like nan, gobe can zai buɗe, don ƙarfen ya riga ya mutu. Na yarda da shi, ko da yake aljihuna ya so maganar mai walda.

Sai Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota. Ni da babban yaron Baba muka tafi da hoton tankin a waya da tsohon famfo a leda. Tun daga bakin titi 'yan kamasho suka yi mana caa, kowa na cewa shagon ubangidansa ne ke da shi. Na farko da aka fito mana da shi an fesa masa baƙin fenti sabo fil, yaron ya kankare da farce sai ga tsatsa. Na biyu kafar famfonsa ba ta dace ba. Wanda muka saya, sai da ya haska cikinsa da fitilar waya lungu-lungu, ya ƙwanƙwasa gindin da sifana yana saurare, ya shafa gaɓar da aka haɗe sama da ƙasa. Muka haɗa da ɗamara biyu masu kauri da sabuwar robar bakin famfo. Kuɗin da na ƙirga ba na son tunawa, ribar lodin kwanaki ce ta tafi. Ruwa kuma ya tare mu a Oshodi, La'asar a hanya muka yi ta.

Ɗaurawar ba ta ɗauki lokaci ba. Baba ya yanko tsohon tub ya shimfiɗa tsakanin ɗamara da tanki don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, ya shafe kusoshin da giris, ya wanke sasin wurin ya shafa masa baƙin mai. Aka mayar da fetur ta cikin tsumma mai tsabta, aka tayar da mota, ya kwanta a ƙasa da tocila ya daɗe bai ce komai ba. Da ya fito ya ce in cika tankin gobe in dawo ya sake dubawa, don wata kafar sai mai ya kai wuya take nuna kanta. Ya kuma ce in daina kutsawa cikin ruwan da ke kwanciya a hanyar Ajah, in ya zama dole to in sa a wanke ƙasan motar.

Tsohon tankin, wani yaro ya zo yana tayawa, wai zai gyara ya sayar. Baba ya hana. Ya sa aka cika shi da ruwa har ya tumbatsa, ya ɗauko kurfi da guduma ya farke gindinsa gida biyu, sannan ya kira ɗan jari-bola ya auna shi a kilo. Kuɗin na bar wa yaran gareji su sha shayi.

Gobe in Allah ya kai mu akwai albasa zuwa Oyingbo, mai kayan ya kira har sau biyu. Ɗan yayata kuma ya ce in turo masa lambobin sasin abokaina na tasha ya duba musu, na riga na faɗa wa mutum biyu, ɗaya ya ce shi ba ya son jin abin da zai hana shi barci.