Burushin waya ɗaya ya sa na yi fentin bonet sau biyu

Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, don ba wani ne ya cuce ni ba, ni na cuci kaina da hannuna. Bonet ɗin motata ne rana ta cinye, fentin ya koɗe, ga tabon tsakuwa birjik a gaba, na ce bari in yi da kaina tunda ba yau na fara feshi ba, na yi ƙofa na yi madgad duk sun zauna lafiya lau. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne wannan bonet ɗin alminiyam ne ba ƙarfe ba. Kuma na sani fa! Ranar da na kwance shi ni kaɗai na ɗauke shi kamar kwali, har na manna masa maganaɗisu ya zame ya faɗi ƙasa, na ce oho ashe haka ne, sannan na ci gaba da yi masa irin aikin da nake wa ƙarfe kamar ban ga komai ba.

Wurin da tsakuwa ta fasa fentin akwai wani farin gari-gari a ciki, sai na miƙa hannu na ɗauko burushin wayar da ke rataye, wanda satin da ya wuce na kankare tsatsar salansa da shi, na sa a na'ura na bi bakin bonet ɗin kaf. Samfefar ma tsohuwa ce, ragowar wadda na goge wata ƙofar ƙarfe da ita, wai ni mai tattali, ai ba ta gama cinyewa ba. Na goge ya yi ƙyalli kamar madubi na ji daɗi, na jingine shi a bango, wasu hidimomi suka taso sai bayan kwana uku na dawo na fesa masa faraimar nan ruwan toka ta yau da kullum, wato shafin farko da fenti ke kamawa, na bi da kala na bi da kiliya, shafin ƙyallin nan na ƙarshe. Wallahi ranar da na ɗaura shi har hoto na yi masa.

Sati shida. Ina wanke mota da ruwa mai ƙarfi sai na ga fenti ya ɗago a kusurwa, na sa farce na ja, ya biyo ni kamar ana ɓare leda, faraima da kala da kiliya duk a haɗe, ƙasan kuwa fes kamar ba a taɓa fesa masa komai ba. Wannan ma da sauƙi. A bakin gaba, daidai layin da burushin ya bi, wasu ƙuraje ne ƙanana suka fito a jere, wasu har sun yi zare-zare kamar tsutsa na tafiya a ƙarƙashin fentin, in ka fasa ɗaya farin garin nan ne dai a ciki, ya ma fi na da yawa.

Na kai wa wani dattijo da ya daɗe a harkar fentin mota, ya shafa wurin da yatsa bai ma tambaye ni wace faraima na sa ba, cewa ya yi "Yaro, da me ka kankare nan?" Na ce Baba burushin waya ne. Ya ce "Sabo?" Na yi shiru. Dariya kawai ya yi ya koma kan aikinsa, sai daga baya ya zaunar da ni.

Ga abin da ya faru. Alminiyam laushi gare shi, in ka bi shi da burushin ƙarfe ko samfefar da ta ci ƙarfe, ƙananan ɓurɓushin ƙarfen da ido ba ya gani suna nutsewa a jikinsa su maƙale. Ƙarfe da alminiyam in suka haɗu ga danshi, sun zama kamar ƙaramin batir ke nan, kuma alminiyam ɗin ne ke cinyewa ya zama farin garin nan. To ni da hannuna na dasa ɗaruruwan irin waɗannan a bakin bonet na rufe su da fenti mai tsada. Shi ya sa garejin da ke aikin bodin alminiyam da gaske suke ware masa kayan aikinsa daban, har wuri daban da labule, kada ƙurar ƙarfe ta sauka a kai. Ba sabon abu ba ne ma, Land Rover tun 1948 bodinta alminiyam ne, Audi A8 ta zo da shi a 1994, Ford F-150 ta koma shi a 2015, ni ne dai ban taɓa tsayawa na tambaya ba.

Shi kuma ɓarewar kamar leda laifin kwana ukun nan ne da faraimar. Alminiyam ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe, amma da zarar iska ta taɓa shi yake yin wata fata siririya a kansa, ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashi ba, ita ce ke kare shi, kuma ita ce fenti ba ya son kamawa. Tana fara fitowa nan take kana ɗage samfefa, in ka bar shi kwanaki sai ta ƙara zama ta sha danshi da ƙura. Faraima ta yau da kullum ba ta da abin da za ta cije ta da shi, kwanciya kawai ta yi a kai.

Zagaye na biyu sai da na cire komai har ƙasa, kuma nan ne na sha wahalar da ta fi ta farko nesa ba kusa ba, don cire sabon kiliya da ya bushe ba wasa ba ne. Maganin cire fenti na sa, bayan na karanta jikin gwangwanin na tabbatar ya dace da alminiyam, don duk abin da ke da soda mai ƙarfi a ciki cin alminiyam yake ya mai da shi baƙi. Ban yarda da feshin yashi ba, falle ne siriri zai iya lanƙwashewa, haka ma wuta, shi ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe, yana nan da kalarsa har ya kai wajen digiri 660 a ma'aunin Celsius ya narke, kuma tun kafin nan da nisa ya riga ya yi laushi ya lalace.

Wankewa kafin gogewa, wannan ma a da juya shi nake yi. In ka fara da samfefa alhali akwai mai ko man ƙyalli a jiki, tura shi kake cikin ƙarcen. Na wanke da ruwan sabulu, na bi da maganin cire maiƙo da tsumma biyu, ɗaya jiƙaƙƙe ɗaya busasshe yana binsa kafin ya bushe da kansa. Sannan samfefa SABUWA, daga cikin ledarta, lamba 180 na bi da 320, lungunan da hannu ba ya shiga na bi da jan soson gugan nan Scotch-Brite shi ma sabo. Kada ka sauka ƙasa da lamba 80 a kan alminiyam, ta yi kaushi da yawa, ramin da za ta yi sai ka yi ta cikewa. Bakin gaban nan kuwa na fi awa biyu a kansa, don sai da na ci duk fatar da burushin ya gurɓata, na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin burushin silba wanda ba ya tsatsa, shi ma sabo, har babu sauran fari ko ɗigo. Ina yi ina zagin tsohon burushin a zuciya kamar shi ya ɗauko kansa.

Bayan gogewa in ka shafa farin tsumma za ka ga ya yi baƙi, kada ka tsorata kuma kada ka gaji, ka yi ta canza tsumma har ya fito kusan fari. Akwai gwajin da dattijon ya nuna min wanda na fi so, ka zuba ruwa mai tsabta a kai, in ya bazu ya kwanta shimfiɗe to wurin ya wanku, in ya dunƙule ya yi ƙwallaye ko ya tsage ya bar wani wuri to akwai maiƙo a nan. Nawa ya tsage a wuri biyu, daidai inda na riƙe da hannu. Daga nan safar hannu har aka gama.

Faraima iri biyu ce ke kama alminiyam, mai asid ɗin nan da ke ɗan cin jikinsa ta riƙe, da kuma efoksi mai haɗi biyu. Akwai masu fara shafa wani ruwa irin Alodine da ake amfani da shi a jiragen sama, amma tsohon samfurinsa guba ne sosai, ni ban taɓa shi ba. Efoksi na zaɓa saboda ramukan bakin suna buƙatar foti, wato abin cike rami, kuma foti ba ya zama kai tsaye a kan faraima mai asid, ƙin bushewa yake da kyau ya ɗago daga baya. Kada kuma ka ce bari in haɗa biyun don ƙarin ƙarfi sai in takardar kamfanin ta ce ka yi, da yawansu hanawa suke. Wannan karon sai da na haɗa faraima, na zubar da ruwan da ya taru a tankin kwamfiresa, na sa takunkumi mai kyau, komai ya zama a shirye, sannan na yi gugar ƙarshe, daga ajiye samfefa zuwa fesawa ko awa ɗaya ba a yi ba. Shafi biyu marasa kauri, na bar ta ta sha iska yadda aka rubuta, foti a kan ramukan, faraimar cikewa, sauran kuma kowa ya sani.

Na fesa wani guntun alminiyam a gefe da haɗin iri ɗaya, bayan sati na tsaga fentin da reza gida-gida na manna salatif mai ƙarfi na fizge, ko gida ɗaya bai biyo ba. Sai a ranar na yi barci mai daɗi.

Ƙaramin murfin da ke ɗaure a kan injin ma na yi shi daga baya, shi kuma zubin alminiyam ne, jikinsa na da ƙananan ƙofofi da suka sha baƙin mai shekara da shekaru, ka wanke shi fes ka hura masa iska mai zafi sai ka ga mai na tsattsafowa kamar gumi. Sau huɗu ina gasawa ina gogewa kafin ya daina.

Yanzu wata goma sha ɗaya ke nan, damina guda ta wuce a kansa, bonet na nan ƙalau. Amma duk wankin mota sai na tsuguna na bi bakin gaban nan da yatsa ina neman ƙurji. Burushin kuwa ban yar da shi ba, na naɗa masa jan salatif a mariƙi na rataye shi can ɗaya bangon, kayan alminiyam kuma suna cikin akwatinsu da murfi, ko aro ba na bayarwa.