Talata a unguwar Aboabo, Kumasi: daren da zauren ajina ya yi magana

Kafin in fita sallar asuba na duba waya. Darasin lissafin da na tura jiya da la'asar yana nan yadda na bar shi. Cikin yara 43, mutum 11 ne suka buɗe, kuma babu wanda ya ce uffan. Mako shida ke nan da na buɗe wannan zaure na WhatsApp domin 'yan ajina masu shirin jarrabawar BECE, ta kammala ƙaramar sakandare a nan Ghana, har yau muryata kaɗai ake ji a ciki.

Abin yana ci mini rai. Yaran nan a aji sai na buga tebur kafin su yi shiru, amma a waya kamar an ɗinke musu baki. A 2020, da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, gwamnati ta kawo darussa ta Ghana Learning TV, mu kuma muka gwada Zoom. Minti 40 sai ya yanke, data kuwa ta cinye kuɗin cefane. Shi ya sa wannan karon na zaɓi WhatsApp, na ce ai kowa a Zango ya san shi.

Da aka tashi makaranta na hau pragya, keken haya mai ƙafa uku, zuwa kasuwar Kejetia, wurin mahaifiyar yarinyar da ta fi kowa kan lissafi a ajin. Wake da shinkafa take sayarwa. Bayan mun gaisa ta matso mini da benci, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wayar, fuskarta duk ta tsage. "Malam, ga ta nan. Da ita masu saye suke turo mini kuɗi ta MoMo, asusun kuɗi na waya, ba zan bar ta a gida ba. Sai bayan magariba nake komawa, yara uku na jiranta."

Na ce, "Hajiya, to in ta samu da dare, me ya hana ta amsa?"

Ta auna wa wata mata wake, ta karɓi kuɗi, sannan ta juyo. "Tana karantawa, har a takarda take yi. Kunya ce. Ta ce in ta rubuta Turancin da ba daidai ba, gobe da shi za a tsokane ta. Kuma Malam, lambobin nan ai na iyaye ne. Ɗiya mace za ta yi tambaya iyayen mutane na ji?"

Maganar ta shige ni. Na daɗe ina ɗora laifin a kan data da rashin wuta, kuma lalle suna da nasu kason. Amma kuskuren da yaro ya yi da baki a aji iska ke tafiya da shi. Wanda ya rubuta a zaure kuwa yana nan, ana iya ɗaukar hotonsa a yi ta yawo da shi. Ga shi kuma ina tura darasi da ƙarfe huɗu, lokacin da wayoyin ke kasuwa ko cikin aljihun direban trotro, wato motar haya. Na gina zaure, ban tambayi masu zama yaushe suke gida ba.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta. Na zauna a ƙofar ɗaki na naɗi murya, da Hausa, ƙasa da minti ɗaya. Ba duk yaran ne Hausawa ba, akwai Dagomba, Mosi, Frafra da Kotokoli, amma Hausa ce ke haɗa mu a unguwa. Na ce: mace ta sari buhun wake sidi 800, ta sayar 1,000, ribarta kashi nawa ce cikin ɗari? Ku amsa da murya, da Hausa ko Twi ko Turanci. Ni ba zan ce ga mai gaskiya ba sai gobe. Na kuma roƙi iyaye su ara wa yaran waya daga takwas da rabi zuwa tara.

Minti goma shiru. Sai wani yaro ya turo: kashi 20. Wani ya mara masa baya. Yatsana har ya kai kan maɓalli zan gyara, na janye.

Can sai ga muryar yarinyar nan, ɗiyar Hajiya, ƙasa-ƙasa, ana jin ƙarar tukwane a bayanta. Ta ce kashi 25 ne, domin uwar kuɗi ake dubawa, ba kuɗin sayarwa ba. Ribar 200 a kan 800 ɗaya ce bisa huɗu. Daga nesa na ji Hajiya na cewa, "Faɗa musu dai!" Yaron farko bai yarda ba, ya kawo hujjarsa. Wata ta ce masa ya ɗauki sidi 80 da 100 ya gwada. Aka yi ta kai-kawo, har wani yaro da ban taɓa jin ya ɗaga hannu a aji ba ya rubuta aikin gaba ɗaya da Turanci, layi-layi, yadda ake so a jarrabawa, ya ɗauki hoto da hasken tocila ya turo. Wannan ne ya fi faranta mini, don a ɗakin jarrabawa Turancin za su rubuta, babu makawa.

Na ƙirga, yara 17 suka sa baki. Sauran 26 ba su fita raina ba. Na san aƙalla bakwai da babu babbar waya a gidansu sam, kuma duk daren da zauren ya yi armashi, su ne ake ƙara bari a baya. Gobe in Allah ya kai mu zan tambayi kowa layin da gidansu yake, in haɗa maƙwabta biyu ko uku a kan waya ɗaya, in kuma bi iyayen da kaina in nemi izini, musamman na 'yan mata.

Har yanzu ba a kawo wuta ba, cajin wayata saura kaɗan. Saƙo na ƙarshe da ya shigo daga yaron nan ne mai kashi 20: "Malam, gobe ma a ba mu wata."