Dattin da Ke Raya Kifi

Sai da na yi wata bakwai ina bin maigidana gidajen mutane muna duba tankunan kifin ado kafin ya yarda ya tura ni aiki ni kaɗai. Gidan wata Hajiya ne a Malali, cikin Kaduna. Tankin gilashi ne mai cin lita 200 a falo, da jajayen kifin nan da ake kira golfish guda tara a ciki. Na autarta ne, yarinyar da ba ta wuce shekara takwas ba, kuma kowane kifi da sunan da ta raɗa masa. A ƙarƙashin tankin, cikin kabad, aka ajiye filtar waje, wadda mu a sana'a muke kira kanista. Tukunya ce ta roba mai murfi a kulle. Tiyo ɗaya yana sauko da ruwa daga tanki, ruwan ya ratsa kwanduna uku ko huɗu da aka jera a ciki, masu ɗauke da soso da zobban tangaran da auduga don tace shi, sannan injin da ke cikin murfin ya mayar da shi sama ta ɗaya tiyon.

Da na buɗe ta sai na tarar soson ya sha taɓo, zobban tangaran da ke kwandon tsakiya duk sun koma ruwan ƙasa, suna santsi a hannu. Ni kuwa na tashi a gidan da kullum ake tuna mana cewa tsafta cikon addini ce, ga shi ina so Hajiya ta yaba da aikina na farko. Na kwashe komai na kai bakin famfo. Na dirje zobban har suka yi fari fat, na yar da tsohon soso na sa sabo, audugar ma sabuwa. Na zubar da fiye da rabin ruwan tankin na cika shi da na famfo kai tsaye. Tanki ya yi tas kamar madubi. Hajiya ta sa mini albarka, har da tukuici.

Kwana uku tsakani ta kira maigida. Ruwa ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa, kifaye sun taru a sama suna ta buɗe baki. Kafin mu iso daga Tudun Wada uku sun mutu, na huɗu ya bi su washegari. Har yau ina ganin yarinyar nan tsaye a bayan kujera, ba ta yi kuka ba, tana dai kallon kwanon da aka sa su.

Maigida bai yi mini faɗa a gaban mutane ba. Ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga maganin gwaji, muka tsaya muna kallo ruwan ya tashi daga rawaya ya koma kore. Sai ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Faɗa mini abin da ka yi tun daga farko." Na faɗa masa. Ya ce, "Ai filtar ka kashe, yaro. Kifin bin ta suka yi."

A cikin keke, a hanyar komawa shago, ya warware mini abin da na yi wata bakwai ina kallo ban gane ba. Kifi yana fitar da amoniya, kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma amoniya suke komawa, ita kuwa guba ce ko da kaɗan ce. Santsin nan mai ruwan ƙasa da na dirje gidan ƙwayoyin bakteriya ne. Wasu suna juya amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce mai hana jinin kifi ɗaukar iska, wasu kuma su juya naitirait ta zama naitiret, wadda kifi ke iya jurewa har a rage ta da canjin ruwa. Kolorin da ake sa wa ruwan famfo don ya kashe ƙwayoyin cuta ba ya bambance mai amfani da mai cutarwa. Sabon tanki yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin waɗannan halittu su kafu, ni kuma na share su cikin awa ɗaya. Abin da ya ceci sauran biyar shi ne maigida ya kwaso rabin zobban wata tsohuwar filta daga shagonmu, da dattinsu da komai, ya zuba a ta Hajiya, ya ce a daina ba su abinci kwana biyu, muka riƙa canza ruwa kaɗan-kaɗan kullum har gwaji ya dawo sifili.

Tun daga ranar da bokiti nake shiga gida. Ina cika shi da ruwan tankin kansa, a ciki nake matse soso sau uku ko huɗu, in girgiza zobban a kwandonsu, shi ke nan. Ba fari nake nema ba, hanya kawai nake buɗe wa ruwa. Audugar ƙarshe ce kaɗai nake canzawa kowace zuwa, don ita ke kama ƙurar da ta fi laushi kuma ita ke fara toshewa. In soso ya tsufa har ya fara marmashewa, rabi nake canzawa, in bar rabi sai bayan wasu makonni. Gawayin filta kuwa ƙarfinsa ba ya wuce kamar wata guda, kuma in ana sa wa kifi magani dole a cire shi, don zai shanye maganin. Mutane da yawa suna ɗauka shi ne jigon filtar, alhali tanki mai lafiya yakan zauna lafiya ba shi.

Amma abin da ya fi ba ni wahalar koyo shi ne ɗauke wuta, kuma nan ne Kaduna ta bambanta da ƙasashen da ake ƙera waɗannan na'urori. Ko Eheim ta Jamus ce, ko SunSun ta Chana da aka fi samu a wajenmu, duk an yi su ne da zaton za su yi ta aiki dare da rana ba tsayawa. Bakteriyan nan iska suke shaƙa kamar kifin, kuma ruwa mai gudu ne ke kawo musu ita. Tukunyar a kulle take ruf. Da zarar inji ya tsaya, iskar da ke cikin 'yan litocin nan sai ta fara ƙarewa. Awa ɗaya ko biyu ba komai. Amma in wuta ta wuni ba ta dawo ba, musamman a zafin Maris da Afrilu lokacin da ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, abin da ke ciki sai ya fara ruɓewa. Hatsarin yana zuwa ne lokacin da kowa ke murna an kawo wuta: injin ya tashi da kansa, ya kwarara ruɓaɓɓen ruwan nan cikin tanki.

Na ga haka a wani gida a Barnawa. Masu gidan sun yi tafiyar biki Zariya, taransifomar unguwar ta sami matsala, aka kwana biyu ba wuta. Allah ya sa maigadi ya kira ni kafin a gyara. Na zare fulogin tun kafin in gaisa da kowa. Da na ɗaga murfin, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin. Da wannan ruwan ya shiga tanki da ba abin da zai yi saura.

Don haka yanzu duk gidan da na ɗauki aikinsa, kafin in taɓa filta sai na zauna da wanda ke wuni a gidan, ko 'yar aiki ce ko maigadi, ba mai kuɗin da ya sayi tankin ba. In ce masa: in wuta ta daɗe ba ta dawo ba, zare wannan fulogin, ka kira ni. In na zo zan zubar da ruwan tukunyar, in ɗauraye kayan ciki da ruwan tanki, sannan a kunna. Masu inbata kuma ina roƙonsu su ɗora filtar a kanta tun kafin talabijin. Matsakaiciyar kanista ba ta cika wuce wat 10 zuwa 25 ba, ko fankar sama ta fi ta ci. Wanda ba shi da inbata ya sayi ƙaramin injin busa iska mai batir, a zuba zobban a jakar raga a saka cikin tankin kusa da kumfar har wuta ta dawo. A ganina duk mai sayar da kanista a garin nan bai yi wa mai saye wannan bayani ba, bai cika amanar ciniki ba.

Sauran matsalolin sun fi sauƙi, kunne da hannu ke gano su. In ka ji tana ƙaras-ƙaras tana tofar da kumfa, iska ce ta maƙale, ka karkata tukunyar hagu da dama a hankali za ta fita. In kumfar ba ta ƙarewa, to wani wuri a tiyon zuƙowa yana shan iska, ka duba mahaɗai. In kuwa ƙarar ta ƙi tafiya, ka ciro farfela, wato 'yar fankar maganaɗisun da ke cikin murfi. Sau da yawa yashi ne ko ƙaramin dodon koɗi. A yi hankali da sandar tangaran da take juyawa a kai, don ba ta da wuyar karyewa, kuma samun irinta a kasuwa aiki ne. In gudun ruwa ya ragu, kafin ka zargi inji ka kalli tiyo. Gansakuka na taruwa a ciki ta rage masa faɗi, dogon buroshi ya ishe shi.

Yoyo kusan kullum daga zoben robar bakin murfi yake. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa. Ina goge shi, in shafa masa giris ɗin silikon, ba basilin ba, don man da aka samo daga fetur yana lalata wasu robobin. Na kuma ɗauki dabaru biyu daga maigida: a zaunar da tukunyar cikin baho, a kuma huda ƙaramin rami a bututun zuƙowa ɗan ƙasa kaɗan da saman ruwa, yadda in tiyo ya kuɓuce cikin dare ruwa zai tsaya da zarar ya sauka zuwa ramin, maimakon lita ɗari ta malale a kan kafet. Sai dai da hunturu ruwa na saurin ƙafewa, dole a riƙa cikawa kada ramin ya fito fili ya fara jan iska. Cikon nan kuma ba canjin ruwa ba ne, ruwa ne kawai ya tashi, naitiret tana nan.

Gidan Hajiya har yanzu ni ke zuwa, duk bayan mako shida. Na yi zaton ba za ta ƙara yarda da ni ba, amma da maigida ya ce zai turo wani sai ta ce a'a, a bar wanda ya riga ya gani da idonsa. Yarinyar ta girma, ta shiga sakandare. Ita ke ɗebo mini ruwan tanki a bokiti tun kafin in cire takalmi, ta tsaya a kaina ina matse soso, in na kai na huɗu ta ce, "Kawu, ya isa haka."