Zafin bazara da ragon barbara: tunkiya ake zargi, alhali ragon ne ya dahu

Duk shekara idan damina ta fara sauka, wajen watan Yuni zuwa Yuli, sai ka ji masu kiwo suna ƙorafi iri ɗaya, wai tumaki sun ƙi ɗauka, rago ya hau ya hau amma bayan sati biyu da 'yan kwanaki tunkiyar ta sake dawowa tana neman barbara kamar ba a yi komai ba. Daga nan sai a fara yanke mata hukunci, wannan juya ce, waccan ta tsufa, a kai ta kasuwa a sayo wata. Shi kuwa gogan yana nan a turke yana cin dusa da harawa, ba mai ko kallonsa da zargi saboda ƙato ne, ga ƙaho ga wuya. Ni dai a nawa ganin sau da yawa tunkiyar nan zaluntarta ake yi, matsalar tana jikin ragon, kuma ba yau ta same shi ba, tun zafin Maris da Afrilu ne.

Zafin jikin rago lafiyayye yana kusan digiri 39, amma 'ya'yan marainansa ba sa iya yin maniyyi mai kyau a wannan zafin, sai sun fi sauran jiki sanyi da kamar digiri 4 zuwa 5. Shi ya sa Allah Ya rataye su a waje cikin jaka, nesa da ciki. Idan ka lura da rago a lokacin hunturu za ka ga jakar ta tsuke ta manne da jiki, da rana a bazara kuwa sai ta saki ta yi ƙasa tana lilo. Fatar jakar tana yin gumi, gumin ya bushe ya tafi da zafi, kamar dai yadda randar ƙasa take sanyaya ruwa. Sannan a saman marainan akwai jijiyoyin jini da suka nannaɗe juna, jinin da ya huce yana komawa sama sai ya rage wa mai saukowa zafi kafin ya iso. Tsari ne mai kyau ƙwarai, amma fa yana da iyaka. In iskar da ke kewaye da ragon ta wuce digiri 32 ta daɗe a haka aikin ya fara wahala, to ina ga Sakkwato ko Maiduguri ko Nguru ko Zinder a watan Afrilu, inda 42 da 43 ba labari ba ne, dare ma ba ya hucewa sosai. A Afrilun 2024 garin Kayes na Mali sai da ya kai 48.5.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne ɓarnar ba ta nunawa a ranar. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan sati 7 kafin ta gama haɗuwa a cikin maraina, sannan ta ƙara kamar sati 2 tana nuna a wata siririyar hanya da ke manne da marainan kafin ta fito. Wato abin da rago ya zuba yau an fara haɗa shi kusan wata biyu da suka wuce. Idan zafi ya dafa shi a tsakiyar Afrilu, satin farko ko na biyu yana iya ba da ciki lafiya lau da tsohon ajiya, bayan nan sai ƙwayoyin su ragu, waɗanda suka rage wasu matattu, wasu wutsiya a lanƙwashe ba sa iya tafiya, kuma haka zai yi ta yi har sai sabon zubi ya iso, wajen ƙarshen Yuni ko Yuli. Lokacin kuwa an yi ruwa, gari ya yi sanyi, ciyawa ta fito, wa zai tuna da zafin Afrilu? Kuma abin haushin shi ne ragon bai daina hawa ba. Sha'awa daban, ƙarfin maniyyi daban. Wani ragon zafi yana kashe masa jiki ya kwanta yana haki, wannan ma da sauƙi don ka gani da idonka, amma wani yana nan yana bin tumaki yana ɗaga leɓe sama, aikin banza yake yi.

Yi lissafi da kanka. Tunkiya tana dawowa neman rago kusan duk kwana 17, ciki kuma wata 5 ne. In ta kuskure zagaye uku an yi asarar kwana 51 ke nan, kana ciyarwa ba abin da ke shigowa, kuma mai son ya samu haihuwa uku a shekara biyu lissafinsa ya rushe. In rago ɗaya ne a kan tumaki ashirin, to duka ashirin ɗin ne suka tsaya.

Wani zai ce ai tumakinmu 'yan ƙasa ne sun saba da rana. Gaskiya ne, Yankasa da Uda da Balami da Bali-Bali na Nijar gashi gare su ba ulu ba, ƙafafu dogaye, kunnen Uda da Balami ma fato-fato yana taimakawa wajen fitar da zafi, kuma suna barbara kowane lokaci na shekara ba kamar tumakin Turai da ke jiran wani yanayi ba. Sun fi juriya nesa ba kusa ba. Amma juriyar nan a daji aka gina ta, inda dabba ke yawo iska na kaɗa ta, rana ta take ta nemi gindin bishiya. Ka ɗauko Balami ka ɗaure shi a lungun gida a cikin Kano, katangar bulo ta kowane gefe, sama rumfar kwano ƙasa-ƙasa, ƙasa siminti ko tarin taki mai tururi, ya kwanta da marainansa a kan wannan zafin tun hantsi har la'asar, wallahi sunan Balami ba zai cece shi ba. Rumfar kwano da ba ta da tsawo wani lokacin gara ma babu ita.

Sai maganar ƙiba, wadda nan ne nake ganin muka fi cutar kanmu. Shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa a ƙarshen zafi, ta 2024 tsakiyar Yuni, ta 2025 farkon Yuni, kuma tana ƙara matsowa cikin bazara da kwana goma sha ɗaya duk shekara. Ma'ana turkar ragon layya a tsakiyar zafi ake yinta, a ɗura masa dusa da kowa (ɓawon wake) da angurya har ya kasa tashi da kyau. To mutum sai ya ce bari in ci riba biyu, kafin Sallah ya hau min tumakina. Ko kuma maƙwabta su yi ta kawo nasu saboda sun ga ƙaton rago suna son iri. Kitse yana taruwa har a wuyan jakar maraina, daidai inda jijiyoyin nan masu sanyaya jini suke, ya lulluɓe su. Ragon da ya fi kowanne kyau a ido a kasuwar Wudil ko Maigatari yana iya zama shi ne mafi rauni wajen ba da ciki. Angurya ma in ta yi yawa akwai wani sinadari a cikinta da aka san yana taɓa maniyyi, musamman ga ƙananan raguna, don haka ragon da ka ware don iri kar ka mayar da ita abincinsa na kullum. Ragon barbara jiki matsakaici ake so, ka shafa bayansa ka ji ƙashi kaɗan a ƙarƙashin nama.

Zazzaɓi ma haka yake yi, zafi ne daga ciki. Rago ya yi ciwon huhu ko PPR (annobar tumaki da awaki mai sa zawo da majina) ko ruɓewar kofato jikinsa ya yi zafi kwana uku, ya warke, to ka ƙirga masa wata biyu kafin ka dogara da shi. Haka wanda aka ɗauko daga kasuwa mai nisa a cunkushe cikin mota da rana tsaka, ka sauke shi yau gobe ka sake shi cikin tumaki kana jiran abin mamaki.

Gyaran kuma ba wani kuɗi ne mai yawa ba. Inuwa ta gaske, mai iska. Rumfar zana ko ta kara mai tsawo ta fi kwano, in kwanon ne dole to a ɗaga shi sama a shimfiɗa kara ko ciyawa a kansa, a bar gefe a buɗe. Wanda yake da gawo a gona ya more, don shi gawo da rani yake ganye lokacin da sauran bishiyoyi suka zubar, ga inuwa ga 'ya'yansa abinci. Darbejiya ma ta wadatar. Ruwa kuwa kar a ce sai safe da yamma, ya kasance yana nan kullum kuma a inuwa, ruwan da ya wuni a rana cikin bokitin ƙarfe dabba ba ta shansa da yawa. A yayyafa ruwa a ƙasan turken da rana in akwai hali, a kwashe taki. Kiwo da sassafe da bayan la'asar, abinci mai nauyi da yamma. In dole sai an yi barbara a bazara, a raba ragon da tumaki da rana a sake shi da daddare, kuma a rage masa yawan matan.

Ka riƙa taɓa marainan ma, ba abin kunya ba ne, sana'arka ce. Su kasance biyu daidai da juna, da tauri kamar tsokar hannu in ka ɗan matse ta, suna motsi a cikin jaka. In ka ji sun yi laushi sun ragu, ko ɗaya ya kumbura, ko akwai ƙulli a ƙasansu, ko kaska da ƙurji sun cinye fatar, to a kira malamin dabbobi. Masu garke babba kuwa suna iya neman a duba maniyyin a madubin likita, a asibitin dabbobi na jami'a ko wurare irin cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya.

Ita ma tunkiyar ba wai zafi ba ya taɓa ta ba ne, in ya yi tsanani a kwanakin farko bayan barbara cikin yana iya lalacewa tun ba a san da shi ba, sai dai kawai a ga ta dawo. Amma gane mai laifi ba wuya: tunkiya ɗaya ko biyu suka dawo, duba su, in kuwa rabin garke ne suka dawo a tare to ragon ne. Ni da za a bi shawarata, wanda yake da iko da lokacin barbararsa ya huta da ita daga Afrilu har Yuni, ya lallaɓa ragonsa a inuwa, ya sake shi wajen Yuli ko Agusta, 'ya'ya su zo Disamba zuwa Janairu lokacin harawa da kowa suna nan a ajiye kuma ba su yi tsada ba tukuna.