Daga Rigasa zuwa Abuja da takarda a hammata

Kamfanin da ya ɗauke ni aikin wayarin a Doha ya aiko da jerin abubuwan da yake so kafin a nema mini biza, ciki har da takardar 'yan sanda mai shaida cewa ba a taɓa samuna da laifi ba. Samun takardar bai fitar da ni daga Kaduna ba. A POSSAP, shafin intanet na rundunar 'yan sanda, na cike fom, na biya kuɗi, na je aka ɗauki zanen yatsuna, aka duba sunana a kundin masu laifi na rundunar, wanda babban ofishinsa yake Alagbon a Legas. Amma a ƙasan jerin sun rubuta sharaɗi: sai da hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje ta Najeriya, sannan na ofishin jakadancin Katar, kuma kada takardar ta wuce wata uku da fitowa. Ofisoshin nan biyu kuwa duk a Abuja suke.

Ana idar da sallar asuba na tari Keke Napep daga Tudun Wada, muka tsallaka baifas ta Bakin Ruwa, muka miƙa Rigasa cikin sanyin hunturu. Takardar tana cikin ambulan, ambulan cikin leda, ledar a hammata ƙarƙashin jamfa, don mahaifiyarmu ta ce ko ɗigon shayi ya taɓa ta ba ta yafe ba. Tikitin jirgin ƙasa tun a waya na saye shi da lambar NIN, a bakin tasha aka haɗa sunan da katin shaida, aka caje jaka, muka shiga.

Tun 2016 jirgin nan yake zirga-zirga tsakanin Rigasa da Idu, tafiyar kilomita 186. Da muka bar Kakau tarago ya cika da hira, masu waya suna ta “ga mu nan mun taso”. Muna dosar Rijana sai murya ta yi ƙasa. Ba wanda ya ce komai, amma kowa ya san a wannan yankin ne, wajen Katari, aka kai wa jirgin hari ranar 28 ga Maris 2022, har aka dakatar da shi sai a watan Disamban shekarar. Wata baiwar Allah a gabana ta ciro carbi. Sai da muka wuce Jere mai gyaɗa ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Kusa da ni wani dattijo ne mai farar hula, tsohon ma'aikacin gwamnati da zai je bin kuɗin fansho. Ya ga yadda nake dafe hammata ya ce, “Ɗana, ko kuɗin aure ne?” Na yi dariya na ba shi labari, na ƙara da ƙorafin da ke cina: tun da 'yan sanda sun wanke ni, me ma'aikata za ta sake bincika?

“Ba kai za su bincika ba,” in ji shi. “Balaraben da ke Doha ya san ɗan sandan da ya sa hannu a takardarka?”

“Bai san shi ba, Baba.”

“To ma'aikata ta san shi. Ita za ta ce sa hannun nan na gaske ne. Jakadan Katar kuma ya san jami'in ma'aikata, shi zai ce hatimin nan na gaske ne. Can gida su kuma sun san jakadansu. Kowa na gabansa yake tsaya wa, kamar isnadi.”

Bayanin nan ya sauke mini rabin haushin. Shi ya sa ba a tsallake layi: wanda ya fara da ofishin jakadanci za a maido shi ma'aikata. Akwai yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Hague a 1961, wadda ƙasashe sama da 120 suke ciki, su hatimi ɗaya ya wadatar a tsakaninsu. Najeriya ba ta ciki, don haka mu doguwar hanyar muke bi. A ganina wannan abu ne da ya kamata 'yan majalisarmu su ɗauka da gaske, ganin yawan matasan da ke kwashe kuɗin mota a kan tambari.

A Idu muka haɗa kuɗin tasi mu huɗu zuwa tsakiyar gari. Ma'aikatar tana Gidan Tafawa Balewa, kusa da Sakatariyar Tarayya. Tun daga bakin titi samari suka yi mini caa, wannan ya ce ya san wani a ciki, wancan ya ce in kawo ya gama mini kafin azahar. Na ce musu Allah ya ba da kasuwa. Kuɗin gwamnati ta Remita ake biyansa, a ba ka lamba da rasit, duk abin da ka miƙa a hannu a gindin bishiya kyauta ka yi. Mai fotokofi kaɗai ya ci kuɗina, shi ma da haƙƙinsa.

A bencin jira na zauna kusa da wata ma'aikaciyar jinya daga Zariya da za ta Saudiyya. Hankalinta a tashe yake: fasfo ɗinta ya ce Aisha, takardar 'yan sanda ta ce Aishatu, ta makaranta kuma ta sa sunan kakanta a ƙarshe. Tana ta lissafin takardar rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida, ga kwanaki suna tafiya. Ta dube ni ta ce, “Malam, duba naka da kyau.” Na jera fasfo da takardar a kan gwiwa na bi su harafi-harafi da yatsa, har kwanan haihuwa. Mu da ake rubuta Muhammad ɗinmu kala-kala, wannan dubawar tun a gida ya kamata a yi ta, kafin a cike fom.

Ba a ranar na karɓa ba, sai na wuce Kubwa gidan Kawu. Da takardar ta fito ya juya bayanta ya ga hatimi da sa hannu da kwanan wata, ya ce, “Wannan ɗan tambarin ne ya taso ka daga Kaduna?” Na ce, “Saura ɗaya ma, Kawu.” Na ofishin jakadancin bai da wani labari: na miƙa, na biya, aka sa mini ranar dawowa, na dawo na karɓa.

Komawa lokacin jirgi bai dace da ni ba, sai na hau mota a Zuba. Muka bi ta Tafa, inda direba ya tsaya muka ci shinkafa da wake a tsaitsaye, muka kutsa cikin ƙurar aikin hanya da jerin tireloli. Direban ya rantse sai mun wuce Katari da Rijana da sauran rana, ya kuwa cika alkawari, ana kiran magariba muka shigo ta Command Junction. Tun a motar na ɗauki hoton gaba da bayan takardar na tura Doha. Kafin in kai Tudun Wada amsa ta zo: sun karɓa, sai in shirya gwajin asibiti.