Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wuyan Mai Kwamfuta da Ƙarar Kunne

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya ne a shekarun aikina a sashen fisiyo, wato sashen asibiti da ke jinyar ciwon tsoka da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki da gashi, daidai lokacin da kwamfuta ta kori tafireta daga ofisoshi da shagunan buga takardu. Yau zan jingine labarin kaina, don akwai wani koke da ya yawaita a wajenmu tun daga wancan lokaci, kuma har gobe ana zuwa da shi. Mutum zai zo da ciwon wuya, ana cikin duba shi sai ya ce, "Likita, ni fa har kunnena ƙara yake yi." Wani ya ji tsiii, wani ziii, alhali ba abin da ke ƙara a kusa. Likitoci na kiran wannan tinitus, kuma wani babban nazari da aka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa manya sama da miliyan 740 a duniya suna jin ta, wato kusan mutum 14 cikin ɗari.

Tambayar da ake yi mana ita ce: wuyan ne ya kawo ƙarar? Amsata, a mafi yawan lokuta, ba shi ya haife ta ba, amma shi ke zuga ta.

Ga yadda abin yake. Can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar dodon koɗi, cike da ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke mayar da sauti saƙo. Saƙon yana fara sauka a wata tasha da ke gindin ƙwaƙwalwa kafin ya wuce sama. To wannan tashar ba kunne kaɗai take saurara ba. Jijiyoyin da ke fitowa daga saman wuya, musamman wajen ƙashin wuya na biyu, da jijiyar da ke kula da fuska da muƙamuƙi, duk suna kai mata rahoto. Amfanin hakan shi ne ƙwaƙwalwa ta iya tace sautin jikinka, kamar tauna da haɗiya da motsin kai, daga sautin waje. Idan jin mutum ya ɗan ragu, ko da bai lura ba, tashar kan ƙara wa kanta ƙarfi don ta kamo abin da ya ɓace, kamar rediyon da aka ƙure wa murya alhali tashar ba ta kamu ba. A wannan hali saƙon da ke zuwa daga wuya yakan fi tasiri. Farfesa Susan Shore ta Jami'ar Michigan a Amurka ta nuna hakan a jikin ɓerayen Masar da ƙara ta lalata wa ji, shi kuma Dokta Robert Levine na birnin Boston tun 1999 ya rubuta cewa wuya da muƙamuƙi suna iya tayar da ƙarar kunne ko su sauya ta.

Ina kwamfuta ta shigo? Kan babban mutum yana da nauyin kilo biyar ko kusa da haka idan ya zauna daidai bisa kafaɗu. Wani likitan ƙashin baya a New York, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa idan aka sunkuyar da kai digiri 15 nauyin da wuya ke ɗauka ya kai kilo 12, a digiri 30 kilo 18, a digiri 60 kuwa kilo 27. Lissafi ne, ba awo a jikin mutane ba, amma duk wanda ya taɓa wuyan mai buga takardu da yamma ya san akwai gaskiya a ciki. Kuma mai kwamfuta ba sunkuyawa kawai yake yi ba. Yana tura haɓa gaba, sannan ya ɗaga fuska don ya ga allo, sai ƙananan tsokokin ƙeya su wuni a takure. Hannun da ke riƙe da linzamin kwamfuta yakan ɗage kafaɗa ba tare da mai shi ya sani ba. Ga cije haƙora idan aiki ya matso, wanda ke gajiyar da tsokar muƙamuƙi. Wurare ukun nan, ƙeya da saman kafaɗa da muƙamuƙi, su ne dai masu kai rahoto tashar ji.

Akwai gwajin da mutum zai yi da kansa. Ka shiga ɗaki mara hayaniya, ka zauna a miƙe, ka saurari ƙarar, ka ba ta maki tsakanin 1 da 10. Sai ka cije haƙoranka da ƙarfi na daƙiƙa biyar, ka saki. Ka buɗe baki sosai, ka tura muƙamuƙi gaba. Ka ɗora tafin hannu a goshi ka danna kai a kansa ba tare da kan ya motsa ba, sannan ka yi haka a ƙeya, da gefen dama, da na hagu. Ka juya kai har iyaka kowane gefe. A ƙarshe ka danna da yatsa a ƙasan ƙeya da bisa doguwar tsokar da ta taso daga bayan kunne zuwa ƙashin ƙirji. Bayan kowane mataki ka lura: ƙarar ta ƙaru, ta ragu, ko muryarta ta sauya?

A nan mutane ke yin gaggawa. Sauyawar ƙarar ba ta isa hujja ba, domin yawancin masu tinitus suna iya sauya tasu da irin wannan motsi, har da waɗanda wuyansu lafiya lau. Abin da ya fi nuna wuya shi ne tarihi: ƙarar da ciwon wuyan sun fara lokaci guda, suna tashi tare suna lafawa tare, ta fi tsanani bayan dogon zama gaban allo ko bayan kwana a mummunan matashi, tana sauƙi a ranakun hutu. Ka ɗauki mako biyu kana rubuta maki safe da dare, na wuya daban na kunne daban, tare da awannin da ka yi a kwamfuta. Takardar nan ta fi mana amfani a kan doguwar hira.

Kafin a ɗora wa wuya laifi, sai an auna ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Dalili kuwa, mai shagon kwamfuta a garuruwanmu yakan wuni da janareta a bakin ƙofa, ga abin saurare saƙale a kunne an ƙure shi don ya danne janaretan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro ga babba a desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako, kuma duk inda sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gabanka ya ji ka, to ƙarar wurin ta yi yawa. Sai sauran abubuwan da kan kawo ƙarar: dattin kunne da ya toshe, da hawan jini, da magunguna irin su kinin na zazzaɓin cizon sauro, asfirin mai yawa, da allurar jentamaisin. Wasu alamun kuma ba a jira da su: ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda (wannan a je asibiti a ranar, don maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko), ƙarar da ke bugawa tare da bugun zuciya, jiri mai kayar da mutum, ko shanyewar fuska ko hannu.

Idan an kawar da waɗannan, sai a koma kan tebur. Saman allon ya zo daidai da ido ko ƙasa kaɗan, nisansa tsawon hannu, santimita 50 zuwa 70. Kwamfutar cinya ita ce babbar mai laifi, tunda allonta da madannanta a haɗe suke: ka gyara wa ido, hannu ya wahala. Maganinta a ɗora ta bisa littattafai ko ƴan rim ɗin takarda, a sayo madannai da linzami na daban. Gwiwar hannu ta tsaya kusa da jiki a lanƙwashe daidai, tafin ƙafa ya taka ƙasa, ƙugu ya jingina da bayan kujera. Takardar da ake kwafa a tsayar da ita kusa da allo, kada a shimfiɗe ta a gefe ana ta leƙe. Masu tabarau mai gani biyu su sauke allon ƙasa kaɗan, in ba haka ba za su wuni suna ɗaga haɓa don kallo ta ƙasan gilashi. Kada a maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa. Kowane minti 30 a tashi, ko da na minti ɗaya ne.

Motsa jikin kuwa kaɗan ne, nacewa ake so. Na farko, ja haɓa baya kai tsaye ba tare da sunkuyawa ba, har ka ji ƙeya ta miƙe. Riƙe daƙiƙa biyar, sau goma, sau uku a rana. Kuskuren da aka fi yi shi ne duƙar da kai ƙasa, ko yin sa da ƙarfi har tsokar gaban wuya ta tashi. Na biyu, ka riƙe gefen kujera da hannun dama, ka karkata kunnen hagu zuwa kafaɗar hagu a hankali, daƙiƙa 30, sannan ka sauya. Na uku, ka matse allunan kafaɗa baya da ƙasa, daƙiƙa biyar, sau goma. Ga muƙamuƙi, leɓɓa a rufe, haƙora a rabe, harshe yana taɓa bayan haƙoran sama. Da dare a gasa ƙeya da tawul mai ɗumi na minti 15. Duk motsin da ya kawo jiri, ko ciwo mai sauka hannu, a tsaya a nemi likitan fisiyo.

Abu biyu nake hanawa kai tsaye. Murɗe wuya da wasu masu aski da masu tausa ke yi har ya ce ƙaras, domin ta cikin ƙasusuwan wuya jijiyoyin jini ke bi zuwa ƙwaƙwalwa, kuma fizga na iya yaga su. Sai sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza, da ɗiga masa mai ko ruwan ganye. Ƙarar ba a ramin kunne take ba balle a zaƙulo ta.

Me za a sa rai? Sarah Michiels da abokan aikinta a Jami'ar Antwerp ta Beljiyam sun gwada a 2016 da mutum 38 masu ƙarar kunne da ciwon wuya, aka yi musu zaman fisiyo 12 cikin mako shida. Sama da rabi sun ji sauƙin ƙarar nan take, amma bayan wasu makonni shida kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne sauƙin ya ɗore musu. Shi ya sa nake cewa a ba wa gyaran tebur da motsa jiki mako shida cur kafin a yanke hukunci, kuma wanda ya samu sauƙi kada ya koma tsohon zamansa. Wanda wuyansa ya warke ƙarar ba ta motsa ba, ya koma wajen likitan kunne a duba ko na'urar ƙara ji za ta taimaka masa. Kafin nan, ya bar fanka ko karatu a ƙasa-ƙasa lokacin barci, don shiru ne ke fito da ita.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan tarihi daga inda muka tsaya, shekarar da aka tura ni aiki karkara.